Gargaɗi ga masu haɗa kwamfutar gem: an ci mana N338,000 a kan RTX 3060 na bogi

Jama'a, duk wanda ke shirin sayen katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoton gem a kwamfuta, a hannun masu talla a intanet ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na 'yan gem yana tallar RTX 3060 mai 12GB, wai na hannu ne daga Ingila, kuma kai za ka zaɓi kamfanin da kake so, Asus ko MSI ko Gigabyte ko Zotac. Ɗan damfara ne. Ya karɓi N330,000 kuɗin kati da N8,000 kuɗin mota, N338,000 ke nan, ya aiko da abin da ba shi aka saya ba, ya rufe waya. Kuɗin ma ba namu ba ne, na wani yaro ne da ya daɗe yana tarawa, ya kawo mu haɗa masa kwamfuta. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai.

Kada wani ya zo yana ce min araha ba ta ado. Ba araha muka bi ba. Da ya ce N150,000 ko saurarensa ba za a yi ba. Farashin da ya faɗa daidai yake da yadda ake sayar da na hannu a lokacin, har ciniki aka yi da shi ya ƙi ragewa sai N10,000. Kuma bidiyo ya turo, ba hoto ba. Kati a cikin kwamfuta, fankoki biyu suna juyawa, ya kai kyamara kan allo, ga GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a buɗe: cif GA106, shaders (ƙananan sassan lissafi na cikin cif) 3584, memori 12288 MB, faɗin hanyar memori 192-bit, gurbin Subvendor, mai nuna kamfanin da ya haɗa katin, ya nuna MSI. Babu lambar da ta kauce ko ɗaya. Ya rubuta sunan shagonmu a takarda ya ajiye gefen katin. Wa zai ga wannan ya ce ƙarya ne? Katin da ke bidiyon na gaske ne, har yanzu ina kan bakana, sai dai ba shi ya sa a mota ba. Kati ɗaya yake da shi na kirki, da shi yake yi wa kowa bidiyo.

Inda ya kama mu shi ne maganar kamfani, domin ya san nan hankalin mai saye yake tafiya. Nvidia ce ke samar da cif ɗin, su Asus da MSI da Gigabyte da Zotac da Palit suna saya su ɗora a kan allonsu, su sa nasu ƙarfen sanyaya da fankoki. Kowane kamfani kuma yana da hawa-hawa: Asus na da Strix a sama, sai TUF, sai Dual, MSI na da Gaming X a saman Ventus, Gigabyte na da Aorus, sai Gaming OC, sai Eagle. In cif ɗaya ne, bambancin gudu tsakanin na sama da na ƙasa ɗan kaɗan ne, da wuya ido ya gane shi a cikin gem. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka shi ne sanyi da rashin ƙara: kaurin ƙarfen sanyaya, yawan bututun tagulla da ke kwashe zafi, ingancin fanka. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa muka ce Gaming X muke so ba Ventus ba. Shi da kansa ya ce, "Wallahi Malam ka yi zaɓi, Ventus zafi gare shi, ni ba zan ba ka abin da za ka dawo kana kuka da ni ba." Maganar wanda ya san kaya ce. Ya ƙara N20,000 a kan farashin Ventus saboda haka, aka biya, tana cikin N330,000 ɗin. Ashe duk lokacin da ake ta muhawarar Gaming X da Ventus, ko ɗaya daga ciki ba shi da niyyar aikowa.

Kwalin da ya iso na MSI ne na asali, kamfanin ba shi da laifi a nan, tsohon kwali ya samo. Ana ɗaga katin aka ji ba nauyi. Babu farantin baya. Sitikar dodon nan, tambarin MSI, an manna ta a tsakiyar fankokin, ɗaya ma a karkace. Ka leƙa ta gefe, dunƙulen alminiyam ne kawai. Lambar siriyal da ke jikin kwali daban, a jikin katin kuma babu lamba sam. Af, kafin nan ma, tun kaya na hanya ya kira yana cewa a tabbatar an yi amfani da direban da zai turo a WhatsApp, wato manhajar da ke sa kati aiki a kwamfuta, wai ya fi na shafin Nvidia sauri. A lokacin an ɗauka kulawa ce.

Da aka sa shi a kwamfuta aka sauke direba daga shafin Nvidia, ta ƙi hawa. Aka sa tasa, ta hau, GPU-Z ta fallasa komai: RTX 3060 Laptop GPU, shaders 3840, memori 6144 MB. Cif ɗin laftof ne aka ɗora a kan allon da ba shi da suna. Kada yawan shaders ya ruɗe ku, na laftof ya fi na tebur yawansu, amma an yi shi ne ya ci wuta kaɗan, ba ya wuce wat 130, na tebur kuwa wat 170 ne, kuma memorinsa rabi ne. 6GB aka ba mu a kuɗin 12GB. Lambar Device ID, mai nuna irin cif ɗin, ma ta faɗa: 2520 ta laftof ce, na tebur yawanci 2503 ko 2504 za ka gani. Babbar matsalar irin wannan kati ita ce direba, kullum sai wadda wani ya yi wa kwaskwarima, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma duk ranar da Windows ta sabunta kanta kana iya wayar gari da baƙin allo ko Code 43, saƙon Windows cewa kati ya ƙi aiki. N338,000 a kan wannan!

Kuma ba wannan ce kaɗai dabararsu ba. Akwai RTX 3060 mai 8GB na gaske da Nvidia ta fitar a ƙarshen 2022, hanyar memorinsa 128-bit ce, yana jan 240 GB a daƙiƙa maimakon 360, sai a sayar maka da shi a matsayin mai 12GB tunda suna ɗaya ne. Akwai RX 580 na kamfanin AMD da ake tallarsa ko'ina: na asali shaders 2304 gare shi, in ka ga 2048 to ƙarfin RX 570 ka saya, kuma da yawansu tsofaffin katunan haƙar kirifto ne da aka sauya wa BIOS, manhajar da ke cikin katin kansa, aka sa musu sabuwar riga. Tun da kuɗin kirifto na Ethereum ta daina amfani da katunan girafik a Satumbar 2022 irinsu suka cika kasuwa, sun shekara suna aiki dare da rana. Sai tsohuwar damfarar GTX 1050 Ti, wadda GTS 450 ce ake canza wa suna. Na gaske shaders 768 ne, na bogin 192, kuma in ka ga shuɗin ramin VGA, na tsohuwar wayar allo, a bayansa ka ajiye, 1050 Ti na asali ba ya zuwa da shi. GPU-Z na rubuta FAKE a gaban sunan wasu daga cikinsu, amma ba duka take kamawa ba, lambobin za ka karanta da kanka. Har RTX 4090 an sha samu a ƙasashen waje an ciro cif da memorin an mayar da murfi an sayar.

Na koma na kalli bidiyon nan ban san adadi ba, ina neman inda ya yi kuskure. Babu. Abu ɗaya kawai: bai taɓa juya katin ya nuna sitikar siriyal ta baya ba, kuma da aka ce a biya in kaya ya iso, sai ya ce direbobin tasha ba sa karɓar kaya mai tsada sai an gama biya, ya rantse, ya ce amana ce tsakaninmu. Alat na shiga ya turo hoton kwali a hannun yaron mota. Da aka kira shi kan maganar 6GB cewa ya yi yaronsa ne ya yi kuskuren kwali, gobe zai canza. Goben ke nan har yau. Asusun da aka tura kuɗin ma sunan wani ne daban, ya ce na ƙaninsa ne. Mun kai ƙorafi banki da wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu, rasit ɗin tiransifa, bidiyonsa da hoton GPU-Z na abin da ya aiko duk suna nan, zan ɗora su da zarar waɗanda ke bin maganar sun ce a saki. Yaron nan kuma mu za mu biya shi kuɗinsa, ba shi ya yi cinikin ba. Allah ya isa.

Kada ku tura ko kwabo sai kati yana hannunku. Ku sa shi a kwamfutarku, ku sauke direba daga shafin Nvidia ko AMD da kanku, duk wanda ya ce ga tasa direbar ku mayar masa da kayansa. Ku duba cif, shaders, memori da faɗin hanya a GPU-Z kafin ku kalli sunan kamfani, ku gwada siriyal ɗin kati da na kwali. Ku kunna FurMark, manhajar gwada kati da aiki mai nauyi, na minti 20, in Hot Spot, wato wurin da ya fi zafi a cif, ya fi zafin cif da sama da digiri 20 mai yiwuwa man sanyayan ya bushe, in ɗige-ɗige ko layuka suka fito a allo memori ya tafi. In mai kaya yana wani gari, ku tura wanda kuka yarda da shi ya yi gwajin a gabansa, ya fito da katin a hannunsa.