Rumman iri uku da na gwada a Kaduna: ɗanye, na kwalba da garin ɓawo

Rumman ya yi suna a garin nan, har an kai ga duk wanda ya ce yana da hawan jini sai wani ya ce masa ya nemi rumman. Saboda surukata Hajiya, wadda ke shan maganin hawan jini shekara da shekaru, na saya mana shi ta fuska uku, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗin da na kashe ba.

Ɗanyen shi ne ya fi burge ni. Na samo shi wurin masu 'ya'yan itace a Kasuwar Sheikh Gumi, mai tebur ya ce daga Masar aka shigo da shi. Tsada kam akwai, kuɗin guda ɗaya zai cika miki leda da lemo. A zaɓi mai nauyi a hannu, wanda jikinsa ya ɗan yi kusurwa, ɓawonsa bai yamushe ba. Wajen ɓarewa sai a yanke kan, a tsaga ɓawon gida huɗu, a ɓantare shi cikin kwano mai ruwa. Ƙwayoyin su nutse, farin totuwar mai ɗaci ta taso sama a kwashe. Kada a yi aikin nan da farin kaya, jan ruwansa in ya kama atamfa sai an sha wanki. Ɗanɗanonsa zaƙi da ɗan tsami, sai bauri kaɗan a ƙarshe. Yara sun so shi a kan kindirmo, Hajiya kuma ta fi son ta ci shi haka nan da cokali.

Giram 100 na ƙwayoyin yana da sukari kusan giram 14, bitamin C kimanin miligiram 10, da bitamin K da fotashiyam. Ƙwallon da ake taunawa shi ke taimaka wa ciki ya riƙa tafiya daidai, don haka mai tsotse ruwan ya tofar da ƙwallo ya yi asarar wannan amfanin. Binciken da aka yi a kan mutane ya nuna ruwan rumman yana ɗan sauke hawan jini, amma sauƙin kaɗan ne, bai kai aikin ƙwayar asibiti ba. Mu dai da na'urar awo ta gida ban ga wani canjin da zan rantse a kai ba. Hajiya ta ce bayan gida ya yi mata sauƙi, wannan kam na yarda da ita.

Na kwalba shi ne inda na ji haushi. Gaban kwalbar hoton rumman ne jajir, amma da na juya baya na karanta, ruwa ne a farko, sai sukari, sai ruwan tuffa, rumman yana can ƙasa. Wannan lemon kwalba ne kawai da aka yi wa ado. Ko tsantsar ruwan rumman ɗin ma, kofi ɗaya yana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 7, babu ƙwallo, kuma bitamin C ɗinsa kusan ya ƙare wajen sarrafawa. Mai ciwon suga ya yi hattara da shi. Masu talla dama ba su da ta ido. A Amurka ma, a 2010 hukumar da ke sa ido kan kasuwanci ta tuhumi kamfanin POM Wonderful saboda tallan da ke cewa ruwan rummansa yana maganin ciwon zuciya da kansar mafitsarar maza da raunin mazakuta, a 2013 kuma ta yanke cewa tallan yaudara ne.

Garin ɓawon kuwa a wani shagon magungunan Musulunci a Tudun Wada na saya, cikin 'yar roba, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Mai shagon ya ce yana maganin gudawa da gyambon ciki da sanyi, ya kuma kawo mini ayoyi. Gaskiya ne an ambaci rumman sau uku a Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman, amma a matsayin ni'ima aka ambace shi, ayoyin ba su faɗi cokali nawa za a sha na gari ba. Na jiƙa kaɗan na kurɓa, baurinsa ya ɗaure mini baki. Kafin in ba Hajiya sai na nuna wa ƙanen maigidana da ke aikin harhaɗa magunguna. Ya juya robar ya ce, "Anti, wa ya tabbatar miki ɓawo ne zalla? Saiwar rumman da ɓawon itacensa suna da guba in aka sha da yawa, a da da su ake kashe tsutsar ciki. Kada ki ba Hajiya wannan."

Ya ƙara mini da cewa mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya mayar da ruwan rumman abin shan kullum sai likita ya sani, don an samu waɗanda awon jininsu ya rikice. Mai shan maganin hawan jini ya lura da jiri, mai ciwon ƙoda kuma da aka hana shi fotashiyam ya tambaya tukuna. Mai juna biyu za ta iya cin ɗanyen kamar kowane ɗan itace, garin ne dai a bar shi.

Robar garin na zubar, kwalba kuma ba zan sake saye ba. Ɗanyen zan riƙa saya wa Hajiya in aljihu ya yarda, rabi yau rabi gobe, tare da maganinta na asibiti. Yara kuwa gwaiba zan saya musu, wadda bitamin C ɗinta ya haura miligiram 200 a giram 100, ga ta kuma a bakin titi ko'ina in lokacinta ya yi.