Sharhi kan littafin English Grammar in Use na Raymond Murphy

Littafin English Grammar in Use ya fara fitowa a 1985 daga maɗabar Jami'ar Kambirij, kuma bugunsa na biyar, wanda shi ne a hannuna, ya fito a 2019 ɗauke da darussa 145. An rubuta shi ne domin ɗalibin da ya wuce matakin farko amma bai kai ga ƙwarewa ba, musamman mai karatu shi kaɗai ba tare da malami ba. Kowane darasi shafi biyu ne masu kallon juna: bayani da misalai a hagu, aikin gwaji a dama, amsoshi kuma suna can ƙarshen littafin.

Darussan farko sun shafi lokutan aikatau, kuma an yi su da kyau. Abin da ya fi jan hankalina shi ne darussa biyar da aka jera a kan gangar (sashen jimla) da ke fayyace suna, wato wadda ke farawa da "who" ko "which" ko "that". A nan ne mai jin Hausa ya fi yin tuntuɓe, kuma dalilin a fili yake. Mu muna zaɓen "wanda" ko "wadda" ko "waɗanda" bisa jinsi da adadi, shi kuwa Turanci bai damu da wannan ba, abin da yake dubawa shi ne ko mutum ake nufi ko wani abu. Haka kuma Hausa tana maimaita wakilin suna a cikin gangar, kamar yadda muke cewa "matar da na yi magana da ita", saboda haka sai ɗalibi ya ɗauko wannan ɗabi'a ya rubuta "the woman I spoke to her", alhali kalmar ƙarshen ba ta da gurbi a jimlar. Marubucin bai yi littafin da Bahaushe a ransa ba, amma ya yi gargaɗi a kan wannan kuskuren kai tsaye, ya kuma nuna inda ake iya jefar da "who" ko "that" gaba ɗaya, wato idan sunan da ake fayyacewa shi aka yi wa aikin.

Na daɗe a kan darasin da ya bambanta gangar da ke tantance wanda ake nufi da wadda ƙarin bayani kawai take yi. Idan aka rubuta "my sister who teaches French" ba tare da waƙafi ba, mai karatu zai fahimci cewa 'yan'uwa mata suna da yawa kuma ana ware ɗaya daga cikinsu. Idan aka sa waƙafi kafin "who", ma'anar ta koma cewa an riga an san wadda ake magana a kanta. A irin wannan ta biyun ba a amfani da "that". Waƙafi guda ya sauya ma'anar jimla, kuma ban taɓa ganin inda aka bayyana wannan a taƙaice kamar yadda aka yi a nan ba.

Sai dai ya kamata mai saye ya san iyakar littafin. Koyar da amfani da harshe ya sa a gaba, don haka ba ya zama ya feɗe jimla ya ce ga tsayayyar ganga, ga ganga dogarau, ga rabe-rabensu da sunayensu. Wanda jarrabawarsa ke neman irin waɗannan sunaye zai buƙaci wani littafin nahawu a gefe. Bayanin ma duk da Turanci aka yi shi, kuma Turancin Birtaniya ne, ko da yake akwai rataye a ƙarshe da ke nuna inda na Amurka ya bambanta. Ɗan koyo na farko gara ya fara da ƙanensa mai jan bango, Essential Grammar in Use, na marubucin dai.

Shawarata ita ce kada a bi shi daga bango zuwa bango. A fara da gwajin da ke ƙarshensa, wanda ke nuna wa ɗalibi darussan da yake da rauni a kansu, sannan a yi aikin da fensir kafin a leƙa amsa.