Bidiyon awa 3: faifan DVD mai 4.7GB ko mai 8.5GB?

Masu ɗaukar bidiyon biki suna yawan tambaya: a matse awa 3 a ƙaramin faifai mai 4.7GB, ko a sayi babba mai 8.5GB, wato mai hawa biyu na ajiyar bayanai?

Lissafi ne ke yanke hukunci. Awa 3 daƙiƙa 10,800 ce. A faifan 4.7GB, kowace daƙiƙa tana samun kusan megabit 3.5 (megabit ma'aunin yawan bayanai ne, kuma yawansa ke ƙara kyan hoto). Idan aka cire wa sauti kilobit 192 (kusan megabit 0.2) na AC3, wato tsarin matse sauti, aka bar ɗan sarari, hoto zai tsira da kamar 3.1. Faifan 8.5GB kuwa yana ba hoto wajen 5.8.

A 3.1, wa'azi ko lacca suna fita lafiya, domin mai magana a zaune yake. Wurin rawa ne asiri ke tonuwa: kyamara na juyawa, leshi na ƙyalli, sai fuskoki su farfashe gida-gida. Maganinsa VBR mai zagaye biyu, wato tsarin matse bidiyo da ke bin sa sau biyu, wanda ke rage wa wuraren da ba motsi megabit ya ƙara wa rawa, sai dai yana cin lokaci kusan ninki biyu. Kada a sa sautin PCM, wato wanda ba a matse ba, shi kaɗai zai cinye megabit 1.5.

Mai hawa biyu ya fi tsada, kuma wasu tsofaffin na'urori suna cijewa a inda hawa na farko ya ƙare. A ƙona shi, wato a rubuta bidiyon a kansa, a hankali.

Mai raba kwafi da yawa na lacca, ƙaramin ya ishe shi. Mai kai wa amarya kwafi ɗaya ko biyu, ya ɗauki babban, amma ya gwada shi a na'ura kafin ya miƙa.