Kunun Aya Daga Randa a Yelwa

Ranar Asabar bayan la'asar na leƙa sabon reshen da wani gidan sayar da kunu da zoɓo ya buɗe a Yelwa, can gefen garin Bauchi. Abin da ya burge ni shi ne ba a firji suke ajiye kunun ayarsu ba, daga randa ake ɗebo shi da ludayi, shi ya sa sanyinsa bai kashe ɗanɗanon dabino da kwakwar da aka markaɗa a ciki ba. Zoɓon kam sukari ya yi masa yawa, har ya danne citta da kanumfari.

Akwai tabarmi a inuwar darbejiya, sai dai ƙarar janareto ta hana mu hira, kuma kafin magariba kunun ya ƙare ƙarƙaf.