Eriyar cikin ɗaki da ta saman kwano, abin da na gani

Jama'a duk wanda ya gaji da biyan kuɗin wata-wata yake so ya koma kallon tashoshin da ake kamawa kyauta ta iska, ga abin da na gani bayan na yi amfani da eriya kala biyu, ta cikin ɗaki mai faɗin nan da ake mannawa a jikin taga, da ta waje mai jerin ƙarafuna wadda masu gyara ke ce wa Yagi.

Ta cikin ɗakin a kwalinta an rubuta wai HD ce, wai 4K, wai tana janyo tasha daga nisan ɗaruruwan mil. Duk daɗin bakin talla ne. Eriya ba ruwanta da HD, ƙarfe ne kawai mai kama siginal, kyan hoto aikin tasha ne da dikoda. Maganar nisa kuwa, siginal ɗin talabijin kusan a miƙe yake tafiya ita kuma duniya a lanƙwashe take, in ka yi nisan wajen kilomita 100 da turken tashar da wuya ka kama abin kirki, ballantana da ɗan falle a taga. Ba wai ba ta aiki ba ne, tashoshin kusa ta kawo min su tar, amma da mutum ya gifta ta gabanta sai hoton ya daskare ya farfashe gida-gida, murya tana yankewa, don dijital ba ya yin yayyafin nan na zamanin da wanda za ka daure ka kalla a haka, ko ya kawo fes ko ya ɗauke gaba ɗaya. Kwanon rufi da bango mai rodi su ma cinye siginal suke.

Ta wajen ita ce ta biya ni gaskiya. Tsohuwar fasaha ce, injiniyoyi biyu 'yan Japan, Yagi da Uda, suka fito da ita tun 1926, kuma har yau ba ta tsufa ba. Gefe ɗaya take kallo, sai ka juya ɓangaren gajerun ƙarafunan ya fuskanci turken tasha, ka ɗaga ta sama iya yadda za ka iya. Ka leƙa na maƙwabta ka ga ƙarafunansu a kwance suke ko a tsaye, kai ma ka yi hakan. Yawancin tashoshin dijital a zangon watsa siginal da ake kira UHF suke, daga 470 MHz zuwa sama, in akwai tashar da ke kan zangon da ke ƙasa da shi, wato VHF, a yankinku sai ka nemi mai dogayen ƙarafuna a baya. Wajen saiti a samu wani ya tsaya gaban talabijin yana kallon layin kwaliti a dikoda, ba layin ƙarfin siginal kaɗai ba, kai kana sama kana juyawa a hankali, in ya cika sai a ɗaure tamau a sake neman tashoshi.

Abin da mutane ke rainawa waya ce. Wayar eriya mai lamba RG6 ta fi siririyar nan mai lamba RG59 riƙe siginal in da tsawo, kuma a naɗe mahaɗar da tef sosai don in ruwan sama ya shiga wayar shi ke nan. Abin raba waya gida biyu yana cin wajen 3.5 dB na ƙarfin siginal, wato kowace talabijin ƙasa da rabi take samu, a nan ne busta, wato na'urar ƙara ƙarfin siginal, ke da rana, shi ma in an sa shi kusa da eriyar. Da na gwada shi a bayan talabijin ban ga ya tsinana komai ba, siginal da hayaniyar duka yake ƙarawa, wata tashar kusa ma ɓacewa ta yi saboda ƙarfin ya yi yawa.

Dikoda kuma a duba tsarin watsa talabijin na ƙasar da ake, yawancin Afirka da Turai DVB-T2 ne, Amurka ATSC, in ka sayi wanda bai dace ba ko tasha ɗaya ba za ka gani ba. Wasu talabijin ɗin sun zo da shi a ciki, a duba kafin a kashe kuɗi.

Aibin ta wajen, iska mai ƙarfi tana juya ta sai an sake hawa, kuma in tashoshinku ba a gefe ɗaya suke ba dole ka haƙura da wasu. A sa mata wayar ƙasa, wato wayar da za ta haɗa ta da ƙasa, saboda tsawa, kuma don Allah wajen ɗaga sandar a yi nesa da wayar wuta.