A Ingila Busar da Gida Sana'a Ce Mai Zaman Kanta

'Yan uwa na Birnin Kebbi da Argungu, ina gaisuwa daga Ingila. A nan idan bututun ruwa ya fashe a cikin gida, aikin mai gyaran famfo shi ne ƙarami. Zai toshe inda ke yoyo, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa. Babban aikin na wasu mutane ne da ba su da sana'a sai busar da gida. Na ga aikinsu a gidan wasu 'yan Najeriya da ke layinmu, bayan bututun cikin rufinsu ya fashe lokacin sanyi.

Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya tsage bututun, kuma ba a ganewa sai ƙanƙarar ta narke. Gidajen nan kuwa, duk kyansu a hoto, da yawa waje ne kawai jan bulo. Silin da bangon da ke raba ɗakuna allo ne na farin garin da muke yin POP da shi, daɓen bene katako ne, a kansa kafet. Allon nan yana shan ruwa kamar biredi a shayi.

Da isowarsu sai su tabbatar an rufe babban makunnin ruwa, wanda yawanci yake ƙarƙashin wurin wanke-wanke, an kuma kashe wutar lantarki. Sai tambaya: wane irin ruwa ne? Kashi uku suke raba shi. Akwai mai tsabta daga bututu, akwai na wanka ko na injin wanki, akwai na masai da ambaliya. In na ukun ne, kafet da katifa da allon da ya jiƙa duk bola za su tafi, ba ciniki. Mai tsabtan ma in ya kwana biyu a kwance, ba sa ƙara lissafa shi da tsabta.

Abin da ya fi burge ni shi ne awo. Suna da na'ura mai allura biyu da ake cakawa a katako ko bango ta nuna yawan danshi, da kyamarar zafi da ke nuna inda ya jiƙe, don wurin da ruwa ke tashi ya fi sauran sanyi. Sukan fara auna busasshen bango a wani ɗaki, lambarsa ita ce abin da za a cim ma. Daga nan su zuƙe ruwan da inji, su yar da soson ƙarƙashin kafet, su ɓamɓare katakon gindin bango, su yanke allon tsawon santimita 30 zuwa 60 daga ƙasa don iska ta shiga ciki.

Injinan iri biyu ne, kuma tare suke aiki. Fankokin ƙasa suna hura iska a jikin bango su tayar da danshi. Na biyun yana jan iskar ɗakin ya bi da ita ta kan ƙarfe mai sanyi, ruwan ya ɗiga ta tiyo zuwa magudana, kuma babba yakan tara gomman lita a ranar farko. Fanka kaɗai ɗebe danshin take daga falo ta kai shi cikin durowar kaya. Tagogi a rufe, domin iskar waje a ƙasar nan ita ma jiƙaƙƙiya ce. Ba a kuma cika zafi, in ba haka ba katako ya lanƙwashe, filasta ya tsage. Sukan dawo lokaci lokaci su rubuta lambobi. Katako sai ya sauka ƙasa da kashi 20, don daga nan ruɓa ke farawa. Allo kwanaki ne, bulo makonni. Masu gini a nan sukan ce bangon da aka bari ya bushe da kansa wata guda yake ci a kowane inci na kaurinsa. Mai fenti ba ya shigowa sai an ba da takardar shaidar bushewa.

Saurin da suke yi saboda fumfuna ne, wadda kan fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48. Ba sa wasa da ita. A 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale, bincike ya nuna fumfunar gidan hayarsu ce ta lalata masa numfashi, har aka yi doka a kan haka.

Kada ku ɗauka daɗi ne zalla. Injinan ƙara suke yi dare da rana, mitar wuta tana gudu. Inshora sai ka fara biyan kasonka, wasu ɗaruruwan fam, kuma sau da yawa ɓarnar ruwan za su biya, ban da gyaran bututun. In suka gano yoyon ya daɗe ka yi sakaci, su zame. Inshorar mai gida ba ta shafi kayan ɗan haya. Ga jiran layi a waya kana sauraron kiɗa. Maƙwabta kuwa, Turawan layin ko bokiti babu wanda ya miƙo. Da a gida Najeriya ne, kafin azahar an kwashe kayan kaf an shanya a rana, an kawo tuwo.

Sai dai mu ma muna da namu halin. Allah ya ba mu injin busarwa kyauta, don da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20. Amma damina ba ta gama tafiya ba an kira mai fenti, ko a manna tayil har gindin taga don a ɓoye tabo. Ruwan ba ya tafiya, hawa yake ya ɓullo a saman tayil ɗin da farin gishiri. Kuma ba a taɓa tushen matsalar: ba a sa leda a harsashi ba, tanki ba shi da ƙwallon da ke tsayar da ruwa in ya cika, ramin masai ya jingina da bango, indararo yana zuba a gindin katanga, ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu.

Ko babu na'ura ana iya awo. A cika tanki, a rufe kowane famfo, a yi alama da dare, in da safe ya ragu akwai yoyo a ɓoye. A manna leda mai faɗin santimita 45 a bango ko daɓe, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta awa 16 ko fiye. In ta yi gumi ta ciki ko simintin ya yi duhu, bai bushe ba. Filastan da ya ruɓe a farfashe shi har santimita 30 sama da tabon, a bar bulon a buɗe hunturu ya wuce ta kansa kafin a sake shafe. Silin da ya yi tumbi, a kashe wuta, a tara bokiti, a huda shi da ƙusa kafin ya rufto.

Mutanenmu na bakin gulbi, daga Argungu zuwa Bagudo da Yauri, ruwan ambaliya ya bi ta masai kafin ya shigo ɗaki. Tabarma da kwanuka suna wankuwa da bilic. Katifar soso ba ta wankuwa har ciki, ko ta yi mako a kan katanga, don haka kada a mayar da yara kanta.