Keke da kayan da sabon ɗan tirayatalon zai saya, da waɗanda zai ƙyale

Wanda ya yi niyyar shiga gasar tirayatalon karo na farko, wato ninkaya da tuƙa keke da gudu a jere ba hutu, yawanci wurin masu sayar da keke yake fara nufa. Gara ya zaɓi gasar tukuna, domin tsawonta ne zai gaya masa abin da zai saya. Gajeren zango mita 750 ne a ruwa, kilomita 20 a keke, kilomita 5 a ƙafa. Zangon da ake yi a wasannin Olamfik tun na Sidni a 2000 ninki biyu ne na wannan. Ironman kuwa, da aka fara a Hawai a 1978, kilomita 3.8 ne a ruwa, 180 a keke, sannan 42.2 na gudu, kuma ba na sabon shiga ba ne.

Keke shi ne mai cin kuɗi, kuma zaɓi uku ne. Na farko, wanda kake da shi a gida, ko da mai faffaɗar taya ne na hawan tudu. A gajeren zango zai kai ka. Cire tayoyin nan masu gurzo ka sa masu santsi, ka ba su iska yadda ya kamata, ka sa wa sarƙa mai, za ka ji bambanci tun daga fedar farko. Za a wuce ka a hanya, amma za ka gama, kuma za ka san ko wasan ya shiga ranka kafin ka taɓa aljihu.

Na biyu, keken tsere na titi, mai siririyar taya da kan da ya lanƙwasa ƙasa. Idan sayen za ka yi, shi nake ganin ya fi. Yana hawa tudu, yana shan kwana ba gardama, birki da giya duk suna ƙarƙashin yatsunka, kuma da shi za ka yi atisaye cikin abokai. Na hannu ma ya isa, in dai ka duba jikinsa babu tsaga kuma sarƙa da haƙoran giya ba su cinye ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne girma. Hau ka sa feda a ƙasa: gwiwarka ta ɗan lanƙwasa kaɗan. In ta miƙe sambal, ko ka ji kana miƙa hannu da ƙyar kafin ka kai kan keken, bar shi komai arharsa, don bayanka ne zai biya bashin lokacin gudu.

Na uku shi ne keken tirayatalon na musamman, wanda mahayi ke kwantawa a kai ya jingina gwiwar hannu don ya rage dukan iska. Yana da sauri a miƙaƙƙiyar hanya, ba musu. Sai dai hannunka yana nesa da birki, sarrafa shi cikin jama'a sai wanda ya ƙware, kuma a gasannin da aka yarda mahayi ya bi bayan wani ya fake daga iska, ba a barin sa. Wanda ya matsu da wannan zaman zai iya sayen sandunan jingina ya ɗaura a keken titi daga baya.

Rigar robar ninkaya kuwa, wadda ke kare jiki daga sanyi, sanyin ruwan gasar ne ke yanke hukunci. A dokokin World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, ga 'yan wasan da ba ƙwararru ba 'yan ƙasa da shekara 60 a zangon da bai wuce mita 1,500 ba, an hana sa ta idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22 a ma'aunin Selsiyos, ta zama dole idan ya yi ƙasa da 16, kuma kaurinta ba ya wuce milimita 5. Tana ɗaga jiki a ruwa, wannan taimako ne babba ga wanda ƙafafunsa ke nitsewa. Karɓo haya ko aro a karon farko. Ta masu wasan igiyar ruwa takan ɗaure kafaɗa, ka gaji tun ba ka yi nisa ba.

Hular kwano dole ce, kuma sai ka ɗaure maɗaurinta kafin ka ɗauki keke daga ma'ajiyarsa. Tabaran ninkaya, manna shi a ido ba tare da igiya ba. In ya kama na ɗan lokaci, ya dace da fuskarka. Rigar gasa guda ɗaya da ake ninkaya, a hau keke, a yi gudu da ita ta fi gajeren wandon keke na yau da kullum, wanda sosonsa mai kauri ke shan ruwa ya riƙa gurzar cinya.

Agogon lissafin gudu zai iya jira. Kuɗinsa ka kai wa mai koyar da ninkaya, domin yawancin sababbi a ruwa suke wahala, numfashi ya sarƙe musu. Takalmin gudu kuma ka saya da wuri, ka sa masa igiyar roba wadda ba ta buƙatar ƙulli, ka riƙa gwada shi nan take bayan sauka daga keke, lokacin da ƙafa ta yi nauyi, ko da gudun minti 10 ne.